Laifin Ma'aikaci ko Laifin Tsari? Tarihin Kula da Ingancin Kaya a Masana'antu



Tambayar da zan bi diddiginta a wannan lacca gajeruwa ce, amma ta ɗauki masu masana'antu na duniya shekara fiye da 200 suna kai da komo a kanta. Idan kaya ya fito daga masana'anta da aibi, laifin wa? Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce, laifin wanda hannunsa ya taɓa kayan. Ga dukkan alamu amsa ce mai ma'ana, kuma ita ce manajoji suka fi so, domin ba ta taɓa kujerarsu. Tarihin da zan kawo muku tarihi ne na yadda aka gano cewa wannan amsa, a mafi yawan lokuta, kuskure ce, da irin hasarar dukiya da rayuka da aka yi kafin a yarda da hakan.

A zamanin sana'ar hannu tambayar ba ta taso ba. Maƙerin da ya ƙera fartanya shi ya zaɓi ƙarfe, shi ya san zafin wuta, shi ya sayar, kuma in ta karye a gona manomi ya san ƙofar da zai je. Inda aka ga buƙatar wani ya shiga tsakani shi ne inda idon mai saye ba zai iya gane algus ba. Alal misali, a shekarar 1300 Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya kafa doka cewa kada a sayar da kayan azurfa sai an gwada shi an buga masa hatimi mai siffar kan damisa. Wannan hatimi yana cikin kakannin tambarin inganci da muke gani a jikin kaya a yau.

Abin da ya rushe wannan tsari bindiga ce. Kowace bindigar soja ta ƙarni na 18 aikin hannu ce, ana goge kowane ƙarfe da hannu har ya zauna da ɗan'uwansa. Saboda haka in kunamar bindiga ta karye a fagen fama, ba za a ciro ta wata a sa ba, tilas a nemi maƙeri. A 1785 wani Bafaranshe mai suna Honoré Blanc ya nuna cewa ana iya ƙera sassan da kowanne zai shiga kowace bindiga. Thomas Jefferson, wanda a lokacin yake jakadan Amurka a Faransa, ya gani da idonsa ya aika wa gwamnatinsa labari. A 1798 Eli Whitney ya karɓi kwangilar bindiga 10,000, aka daɗe ana koya wa yara a makarantun Amurka cewa shi ne ya cim ma wannan buri. Binciken da aka yi daga baya a kan bindigoginsa ya nuna ba haka ba ne, sassansu ba sa musanyuwa, kuma kwangilar da ya ce zai gama cikin shekara 2 sai da ta kai 1809. Wanda ya yi aikin na haƙiƙa shi ne John Hall, a ma'aikatar makamai ta Harpers Ferry, cikin shekarun 1820, kuma makaminsa shi ne ma'auni: ƙarfen da ake gwada kowane sashe da shi a ga ko ya yi daidai. Ku lura da abin da ya faru a nan. Hukuncin kyau da muni ya bar idon gwani ya koma jikin wani ƙarfe da kowa zai iya riƙewa.

Frederick Taylor ne ya kai wannan rabuwa ƙarshenta. A littafinsa na 1911 ya koyar da cewa tunani aikin ofis ne, ma'aikaci kuwa nasa shi ne ya yi abin da aka rubuta masa, cikin daƙiƙun da aka ƙayyade masa. A 1913 Henry Ford ya kafa layin haɗa mota mai tafiya, lokacin haɗa gangar mota ya sauko daga awa 12 da ɗoriya zuwa kamar awa ɗaya da rabi. Amma mutumin da ake biyansa bisa yawan abin da ya fitar, wanda kuma aka hana shi tunani, ba shi da dalilin tsayawa ya duba. Sai aka ƙirƙiro sabuwar runduna, watau sufetoci, aka jera su a bakin ƙofa su tsince marar kyau. A masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Shikago, inda ake ƙera kayan tarho, cikin ma'aikata kimanin 40,000 a ƙarshen shekarun 1920, fiye da 5,000 ba su ƙera kome, aikinsu duba abin da wasu suka ƙera.

Illar wannan hanya a fili take ga duk wanda ya yi lissafi. Kafin sufeto ya ga aibi an riga an kashe ƙarfe, an kashe wuta, an biya lada. Sa'an nan idon mutum yana gajiya. Wanda ya duba abu 1,000 iri ɗaya, na 900 ba ganinsa yake yi ba. Ga kamfanin tarho kuwa matsalar ta fi haka tsanani, domin na'urorinsa da yawa binne su ake yi a ƙarƙashin ƙasa, kuma tono su a gyara ya ninka kuɗin ƙera su.

A nan ne Walter Shewhart ya shigo, masanin kimiyyar fiziya da ke aiki a wannan kamfani. Ranar 16 ga Mayu, 1924, ya aika wa shugabanninsa takarda mai shafi ɗaya, da ɗan zane a jikinta. Zan ɗan daɗe a kan wannan zane, domin duk abin da ya biyo baya daga gare shi ya tsiro, kuma mutane da yawa da ke ambaton sunan Shewhart ba su tsaya sun fahimce shi ba.

Abin da ya fara lura da shi shi ne, babu abu biyu da suke daidai wa daida. Injin da aka saita ya yanka sanda mai kaurin milimita 10, yanzu zai ba da 10.02, an jima 9.98, ko da ba wanda ya taɓa shi. Wannan bambanci yana fitowa ne daga ƙananan dalilai masu yawa da suke zaune a cikin aikin kullum: ɗan zafin ɗaki, ɗan girgizar inji, ɗan saɓanin ƙarfen da aka sayo. Bari mu kira su dalilai 'yan gida. Akwai kuma wani irin bambanci da ke zuwa sa'ad da wani abu na daban ya auku, kamar wuƙar inji ta dakushe, ko aka kawo ƙarfe daga wani dillali, ko aka sa sabon hannu bai koya ba. Wannan baƙon dalili ne, ana iya bin sawunsa a kama shi. Zanen Shewhart, wanda zan kira taswirar sa-ido, hanya ce ta rarrabe su. Ana ɗibar kaya kaɗan lokaci-lokaci a auna, a ɗiga sakamakon a takarda. Akwai layi a tsakiya, shi ne matsakaicin awo, da layi ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Waɗannan layuka biyu lissafi ne ya fitar da su daga awon da injin kansa ya bayar, ba burin manaja ne ya zana su ba. Muddin ɗigo yana yawo tsakanin layukan ba tare da wani salo ba, 'yan gida ne ke aikinsu, a bar inji ya yi ta tafiya. Ran da ɗigo ya tsallake layi, baƙo ya shigo, a tsaya a neme shi.

Kuskure iri biyu ke nan ake gudu. Na farko, baƙo ya shigo a ɗauka ɗan gida ne, a ƙyale shi ya yi ɓarna. Na biyu, wanda ya fi yawa kuma ya fi ɓoyuwa, shi ne a ɗauki ɗan gida a matsayin baƙo. Ma'aikaci ya ga 10.02 sai ya murɗa inji ƙasa, ya ga 9.98 ya murɗa sama, yana ganin ƙoƙari yake yi, alhali kuwa lissafi ya nuna wannan murɗe-murɗe ƙara faɗin bambancin yake yi. Haka nan manajan da ya ga aibi ya ɗan ƙaru ranar Talata ya kira ma'aikaci ya zazzage shi, ranar Laraba aibi ya ragu ya ce faɗansa ne ya yi aiki. Da bai yi faɗan ba ma zai ragu. Kuma ga inda maganar ta taɓa tambayarmu: in aibin da ke fitowa na 'yan gida ne, ma'aikaci ba shi da ikon rage shi kome himmarsa, domin ba shi ya sayi injin ba, ba shi ya zaɓi dillalin ƙarfe ba, ba shi ya tsara horo ba. Wanda ke da ikon canza waɗannan shi ne mai laifi in ba a canza su ba. Shewhart ya tattara wannan ilmi a littafinsa na 1931. Mutum biyu da suka yi aiki a Hawthorne a shekarun 1920 suna samari, W. Edwards Deming da Joseph Juran, za mu sake gamuwa da su.

Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna fuskokin al'amarin guda biyu. Ta fuska ɗaya, gwamnatin Amurka ta rungumi ƙididdiga, aka shirya gajerun kwasa-kwasai tun daga 1942, Deming yana cikin masu koyarwa, aka horar da injiniyoyi da sufetoci dubbai. Ta ɗaya fuskar kuwa akwai labarin tofido, watau nakiyar ruwa mai tafiya da kanta, samfurin da ake kira Mark 14, wadda jiragen yaƙin Amurka masu nutso suka shiga yaƙi da ita a Disamba 1941. Tashar Newport ce ta zana ta, ita ta ƙera ta, ita kuma ta gwada ta, watau mai jarrabawa shi ne mai gyara takardarsa. Saboda tsadarta, kimanin dala 10,000 kowace ɗaya, ba a yarda an fasa irin wadda aka ba sojoji a jikin jirgi don gwaji ba. Da aka fara yaƙi sai kyaftin-kyaftin suka riƙa dawowa suna cewa sun harba, sun ga ta nufi jirgin abokan gaba, ba abin da ya faru. Hukumar makamai ta sojan ruwa ta amsa musu cewa su ne ba su iya saiti ba. A watan Yuni 1942 wani babban hafsa, Charles Lockwood, ya gaji, ya sa aka shimfiɗa ragar masunta a teku a gaɓar Ostareliya aka harba tofido a cikinta, aka auna inda ta huda. Sai ga shi tana nutsewa kimanin ƙafa 10 fiye da yadda aka saita ta, tana wucewa ta ƙarƙashin jirgi. Aka gyara wannan, sai aibi na biyu ya bayyana, na'urar maganaɗisun da ke tayar da ita tana fashewa kafin lokaci. Aka kashe wannan, sai na uku: in ta bugi jirgi kai tsaye, ƙusar da ke tayar da ita tana lanƙwashewa. A watan Yuli 1943 jirgi mai nutso Tinosa ya harba tofido 15 a kan wani babban jirgin dakon mai na Japan, mafi yawansu suka buge shi ba su fashe ba. Sai wajen Satumba 1943 aka kammala gyara, bayan wata 21 ana tura mutane bakin mutuwa da makamin da ba ya aiki, ana kuma ɗora musu laifi.

Da yaƙi ya ƙare, masana'antun Turai da na Japan sun zama kufai, na Amurka kaɗai ke tsaye, kuma duk abin da suka fitar, mai kyau da marar kyau, akwai mai saye yana jira. Cikin 'yan shekaru taswirorin sa-ido suka ɓace daga bangon masana'antu. Deming ya ce daga baya kuskurensu shi ne sun koyar da injiniyoyi, ba su koyar da masu ba injiniyoyi umurni ba.

Yanzu sai mu ƙetara zuwa Japan, inda ilmin da aka yi watsi da shi a gidansu ya sami masauki. A wancan zamani, a kasuwannin Amurka da Turai, in an ce kaya na Japan ne ana nufin mai araha ne wanda ba ya ƙarko. Sojojin Amurka da ke mulkin ƙasar bayan 1945 suna son kowane gida ya sami rediyo domin a ji sanarwarsu, amma masana'antun da suka rage ba sa iya fitar da kayan rediyo masu aiki. Aka kawo wani saurayin injiniya, Homer Sarasohn, a 1946, shi da Charles Protzman suka shirya wa shugabannin kamfanonin sadarwa kwas a kan tafiyar da masana'anta a 1949 da 1950. Na ambaci sunayensu da gangan, domin labarin da aka fi yaɗawa yakan nuna kamar Deming ne ya sauka shi kaɗai a ƙasar da ba ta san kome ba, wannan kuwa rashin adalci ne ga waɗanda suka riga shi, da kuma Japanawan kansu, waɗanda suka kafa ƙungiyar masana kimiyya da injiniyoyi, JUSE, tun 1946, suna karanta Shewhart kafin kowa ya zo.

Wannan ƙungiya ce ta gayyaci Deming. A watan Yuli 1950 ya yi kwas na kwana 8 a Tokyo ga injiniyoyi. Amma darasin Amurka yana ransa, saboda haka ya nemi a haɗa shi da masu kamfanoni. Shugaban JUSE, Ichiro Ishikawa, shi ne kuma shugaban babbar ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasar, mutumin da in ya kira ba a ƙin zuwa. Shugabanni 21 suka zauna cin abinci da Deming, ya gaya musu cewa inganci nauyinsu ne, ba na sufeto ba. Cewa in suka rage aibi kuɗin ƙira zai sauka, domin ba a sake aikin da aka riga aka yi. Cewa su ɗauki mai sayar musu da ƙarfe da mai sayen kayansu a matsayin sassan layi ɗaya. Kuma in sun yi haka, cikin shekara 5 za su shiga kasuwannin duniya. Ya bar wa ƙungiyar kuɗin da aka samu daga buga laccocinsa, da su aka kafa Lambar Deming a 1951. Juran ya zo a 1954, shi kuwa ya fi mai da hankali ga yadda manaja zai tsara aikin inganci kamar yadda yake tsara kasafin kuɗi.

Kada mu manta da abin da ba ilmi ba. Mako biyu kafin laccar farko ta Deming, ranar 25 ga Yuni 1950, yaƙin Koriya ya ɓarke, sojan Amurka ya shiga sayen motoci da kayan aiki daga Japan da kuɗi masu yawa, yana kuma tilasta ƙa'idojinsa na awo. Kamfanin Toyota, wanda a farkon wannan shekara yake bakin durƙushewa, odar manyan motocin soja ce ta tashe shi. Wa'azi ya zo daidai da ciniki.

Abin da Japanawa suka ƙara da kansu shi ne, a ganina, ya fi kome muhimmanci: sun mai da wa ma'aikaci tunanin da Taylor ya ƙwace masa. Kaoru Ishikawa, ɗan wancan Ichiro, malami a Jami'ar Tokyo, ya sauƙaƙa kayan aikin ƙididdiga har fomen da lebura za su iya amfani da su, ciki har da zanensa mai kama da ƙashin kifi, wanda ake jera dalilan aibi a jikin haƙarƙarinsa. Daga 1962 aka fara ƙananan ƙungiyoyin inganci, inda ma'aikatan sashe ɗaya kan zauna su binciki matsalar sashensu. A Toyota abin yana da tsohon asali. Sakichi Toyoda, mahaifin wanda ya kafa kamfanin motar, masaƙa yake ƙerawa, kuma injin saƙarsa na 1924 yana tsayawa da kansa in zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. Taiichi Ohno ya ɗauko wannan ya kai layin mota: aka rataya igiya a kan kowane ma'aikaci, in ya ga abin da bai yi daidai ba ya ja, shugaban sashe ya zo da gudu, in ba a warware ba layi ya tsaya. A masana'antar Ford ta wancan lokaci, leburan da ya tsai da layi ya san ranar sallamarsa ta zo. Ba kuwa dare ɗaya aka yi nasara ba. Motar farko da Toyota ta kai Amurka a 1958, Toyopet Crown, ba ta iya jure gudun manyan titunansu ba, tilas aka janye ta. Kamfanin ya ɗauki tsarin inganci na gaba ɗaya a 1961, ya ci Lambar Deming a 1965.

Amurka ba ta farka ba sai 1980. A wannan shekara Japan ta wuce ta a yawan motocin da ake ƙerawa, kamfanin Ford ya yi hasarar dala biliyan ɗaya da rabi, kuma kamfanin Hewlett-Packard ya bayyana sakamakon gwajin ƙwayoyin ajiyar kwamfuta 300,000 da ya sayo daga kamfanoni 3 na Amurka da 3 na Japan: mafi kyau a cikin na Amurka bai kamo mafi rauni a cikin na Japan ba. Ranar 24 ga Yuni gidan talabijin na NBC ya nuna wani shiri a kan dalilin da Japan ta iya Amurka ta kasa, a cikinsa aka nuna wani tsoho ɗan shekara 79 da ke zaune a birnin Washington, wanda Sarkin Japan ya ba lambar girma tun 1960, amma manajojin ƙasarsa ba su san sunansa ba. Kashegari wayarsa ba ta huta ba.

Daga nan har rasuwarsa a 1993 Deming ya yi ta yawon koyarwa, kuma yana da wani wasa da yake yi wa manajoji wanda ya cancanci a bayyana shi. Yakan kawo akwati mai ƙwayoyi 4,000 irin na carbi, 3,200 farare, 800 jajaye, a gauraye. Ya kira mutum 6 daga cikin masu sauraro ya ce ya ɗauke su aiki. Aikin shi ne a tsoma wani allo mai ramuka 50, kamar na dara, a ciro ƙwayoyi. Fari shi ne kaya mai kyau, ja aibi. Kowa ya tsoma yadda aka koya masa, sufeto ya ƙirga. Wannan ya ciro ja 7, wancan 14. Deming, da fuskar manaja, ya yaba wa mai 7 ya yi masa alkawarin ƙarin albashi, ya yi wa mai 14 kashedi. Zagaye na gaba gwarzon jiya ya ciro 13, sai a ce yabo ya lalata shi. A ƙarshe a kori marasa ƙoƙari. Jama'a na dariya, domin kowa na gani cewa kashi ɗaya cikin 5 na akwatin ja ne, matsakaicin abin da kowa zai ciro 10 ne, kuma ba mai rage shi sai wanda ya cika akwatin. Deming yakan ce kashi 94 cikin 100 na matsaloli daga tsari suke. Wannan adadi ƙiyasinsa ne daga abin da ya gani, ba sakamakon awo ba ne, kuma bai kamata a riƙa kawo shi kamar nassi ba.

Hujjar da ta fi wasan ƙwayoyi ƙarfi ta zo daga garin Fremont a jihar Kalifoniya. Masana'antar General Motors da ke can ta yi ƙaurin suna: yajin aiki, shaye-shaye a bakin aiki, kusan mutum ɗaya cikin 5 ba ya zuwa a kowace rana, motoci kuwa cike da aibi. Aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, haɗin gwiwa da Toyota, aka mai da mafi yawan tsofaffin ma'aikatan nan da aka ce ba su da amfani, har da shugabannin ƙungiyarsu. Aka kai ɗaruruwansu Japan suka ga yadda ake aiki, aka rataya musu igiya. Cikin shekara 2 motocin Fremont suna cikin mafi inganci a dukkan masana'antun General Motors, rashin zuwa aiki ya faɗo zuwa kashi 2 ko 3 cikin 100. Gini ɗaya, mutane ɗaya. Abin mamaki shi ne General Motors ta shafe shekaru ba ta iya yaɗa darasin zuwa sauran masana'antunta ba, domin igiya ana iya sayenta, amma manajan da zai ji an tsai da layi ya zo ya taimaka maimakon ya zo ya yi faɗa, ba a kasuwa ake samunsa ba.

Akwai wani reshe na wannan tarihi da ya fi shafar waɗanda ke aikin ofis a cikinku, shi ne reshen takarda. Tun 1959 sojan Amurka ya fitar da ƙa'idar da ke buƙatar ɗan kwangila ya rubuta yadda yake tabbatar da inganci, a zo a duba. Ingila ta yi tata, BS 5750, a 1979, daga gare ta aka fitar da ISO 9000 ta duniya a 1987. A nan Nijeriya doka mai lamba 56 ta 1971 ce ta kafa hukumar ƙa'idojin kaya, wadda yanzu ake kira SON. Manufar tana da kyau: mai saye a wata ƙasa ba zai iya zuwa ya leƙa masana'antarka ba, sai ya dogara ga shaidar wani. Kamfanoni fiye da miliyan ɗaya ke riƙe da takardar ISO 9001. Amma takardar shaida ce cewa kana da tsari a rubuce kuma an ga alamar kana binsa; ba ta ce kayanka na da kyau ba. Inda kuma aka mai da takarda ita ce buri, mutane sukan koyi cika takarda.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna haka, har a Japan ɗin kanta. A 2017 kamfanin Kobe Steel ya amsa cewa ma'aikatansa sun daɗe suna canza alƙaluman gwajin ƙarafan da suke sayarwa. A wannan shekara kamfanin Takata ya karye, bayan jakar iskarsa ta kariya a mota ta riƙa fashewa da ɓaraguzan ƙarfe tana kashe direbobi, aka janye motoci miliyoyi. A Amurka, ranar 5 ga Janairu 2024, wani murfin ƙofa ya fita daga jikin sabon jirgin Boeing 737 na kamfanin Alaska yana sama da mutum 177. Allah ya kiyaye ba wanda ya mutu. Bincike ya nuna an buɗe murfin a masana'anta don wani gyara, ba a mai da ƙusoshi 4 da ke riƙe shi ba, kuma ba a rubuta cewa an buɗe shi ba, saboda haka ba sufeton da aka tura ya duba. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, a rahotonta na 2025, ta ɗora alhakin a kan gazawar kamfanin wajen horo da ja-gora da sa ido.

Na Daihatsu ya fi ba ni tunani, domin reshen Toyota ne, gidan igiya. A Disamba 2023 wani kwamiti mai zaman kansa ya gano maguɗi 174 a gwaje-gwajen lafiyar mota, wanda ya shafi samfuri 64, mafi daɗewa tun 1989. Waɗanda suka yi maguɗin da hannunsu ƙananan ma'aikata ne na sashen gwaji. Kwamitin ya tambayi dalili, ya tarar an matse lokacin ƙirƙiro sabuwar mota matuƙa, gwaji shi ne na ƙarshe a layi, an ɗauka tilas a ci shi a karo ɗaya, kuma wanda ya kawo labarin faɗuwa faɗa zai sha. Igiya tana rataye a ɗakin haɗa mota, amma a ɗakin gwaji ba wanda ya isa ya ja ta. Kwamitin ya ce shugabannin kamfanin ne abin zargi kafin ma'aikatan. Aka rufe dukkan masana'antun Daihatsu 4 na Japan har zuwa Fabrairu 2024, shugaban kamfanin ya sauka, Toyota ta turo wani daga cikin manyanta ya karɓi kujerar a watan Maris.